Shirun dattawa ba kullum ne haƙuri ba

A ƙauyukan da ke gefen Dajin Rugu, daga Babban Duhu da Runka a Ƙaramar Hukumar Safana har zuwa Batsari, an kwashe shekaru ana ƙirga asarar da 'yan bindiga suka jawo: rayuka, shanu, gonaki. Asarar da ba mu cika ƙirgawa ba ita ce ta kwanciyar hankalin tsofaffinmu. Dattijon da ya binne 'ya'yansa, ya bar gonar da ya gada, ya koma zaman ɗakin aro a gari, sau da yawa ba ya kuka. Sai dai ya rage magana, ya rage ci, barci ya ƙaurace masa, ƙarar babur ta firgita shi. Mu kuwa mu ce Baba ya yi tawakkali.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 14 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama suna fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. Biyu daga ciki ya kamata kowane gida ya sani. Ta farko ciwon damuwa, wanda ake warkewa daga gare shi da magani da shawarar ƙwararru. Ta biyu cutar mantuwa, wadda muke kira gigin tsufa: tsohuwa ta manta sunan jikanta, ta ɓata a hanyar da ta saba bi, ta yi zargin an sace mata kaya. Wannan ciwo ne a ƙwaƙwalwa, ba maita ba. Jifan irin wannan baiwar Allah da kalmar mayya zalunci ne da za a tambaye mu a kansa.

Addini bai ɗauki baƙin ciki a matsayin raunin imani ba. Suratu Yusuf ta ba mu labarin yadda baƙin cikin rabuwa da ɗa ya taɓa idanun Annabi Ya'aƙub (AS), alhali yana Annabi. Suratun Nahli, aya ta 70, ta ambaci shekarun da sani yake kuɓuce wa mutum. Malaman fiƙihu kuma sun tabbatar cewa wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Don haka tsohon da ya rikita raka'o'insa saboda cuta rarrashi yake buƙata, ba tsawa ba.

Me ya rage mana? Mu zauna da su, mu ci abinci tare, mu nemi shawararsu ko da a kan farashin gero ne, domin kaɗaici yana ƙara ciwon. Ɗalibai su ware lokacin hira da kakanni. Mu kula da maganin hawan jini da na suga. Idan ruɗewa ta zo farat ɗaya, musamman tare da zazzaɓi, a garzaya asibiti a ranar. Idan tsoho ya fara cewa mutuwa ta fi masa, kada a bar shi shi kaɗai. A fara da asibiti mafi kusa. Akwai kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina da asibitocin ƙwaƙwalwa na Kware da Kaduna. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Allah Ya ba mu ikon jin ƙansu kamar yadda suka rene mu muna ƙanana, Ya dawo mana da zaman lafiya. Amin.