Abin da Ke Gurgunta Ɗan Agwagwa, da Maganinsa

Ya kai mai kiwon agwagi a ƙasar Jibiya, ko a bakin dam na kogin Gada ka ke, ko a Magama ta kan iyaka, ka lura da 'ya'yan agwagwarka daga mako na 2 bayan ƙyanƙyasa. Kadan ka ga ɗaya ya yi taku kaɗan ya zauna, gwiwarsa ta kumbura, ƙafafunsa suna lanƙwashewa kamar baka, kada ka yi saurin cewa sammu ne. Galibi laifin abinci ne.

Akwai wani sinadari cikin abinci da a ke kira niyasin, wanda a ka gane amfaninsa a Amurka cikin 1937. Ɗan agwagwa yana bukatarsa fiye da ɗan tsako nesa ba kusa ba, wajen miligiram 55 cikin kowane kilo na abinci. Masara da dawa suna da shi, amma a ɗaure ya ke, cikin tsuntsu ba ya iya fid da yawancinsa. Saboda haka wanda a ka tsare a akurki, a na zuba masa tsaki kaɗai, zai ƙoshi ya kuma gurgunce. Wanda ke bin uwarsa fadama yana tsintar ƙwari da tsutsa ba safai ya kan kamu ba.

Maganin yana gidanka. Ka daka ƙuliƙuli marar gishiri mudu 1, ka gauraya da tsaki mudu 3, ka ƙara dusar shinkafa in ka samu. Gara da garin busasshen kifi su ma suna da kyau ƙwarai. Ka ƙona ƙashi ko ɓawon ƙwai ka barbaɗa kaɗan domin ƙarfin ƙashinsa, ka bar shi ya sha hantsi. Ka shimfiɗa masa yashi, gama daɓe mai santsi yana ƙara buɗe ƙafa. Ruwa kuwa, a kasko marar zurfi, kana tsaye a kansa, don gurgun ɗan agwagwa yana iya nutsewa. In an fara da wuri, sauƙi ya kan samu cikin 'yan kwanaki. Ƙashin da ya riga ya sandare a karkace ba ya miƙewa.

Amma fa lalle ka duba ƙuliƙulin. Gyadar da ta yi hunhuna tana da guba, ɗan agwagwa kuwa ya fi sauran tsuntsayen gida saurin mutuwa da ita. Cikin 1960 talotalo wajen 100,000 sun mutu a Ingila saboda irin wannan gyada. Wanda ya yi ɗaci ko warin ruma, komai arharsa a kasuwa, ka bar wa mai shi.

Ku dagatai, kadan agwagi da yawa sun faɗi rana ɗaya, manya da ƙanana, wannan ba na abinci ba ne. Ku hana a kai su kasuwa ko a ƙetara da su hanyar Maraɗi, ku aika wa malamin dabbobi nan da nan.