Commodore 64: Kafin A Sa Wasa, A Fara Duba Wuta

Commodore 64 ta fito ne a 1982 da memori kilobait 64 kacal. Hoto ɗaya na wayar zamani ma ya fi ƙarfinta, amma har gobe ana buga wasanni a kanta.

Masu farfaɗo da ita kan fara sauya tsohuwar adaftar wuta, domin idan ta lalace takan turo fiye da volt 5, ta ƙona memorin. Sai na'urar SD2IEC, mai karanta katin memori maimakon faifai. Wasu wasannin ba sa tashi da ita, a nan Pi1541 ce mafita.

Boulder Dash na 1984 ya ishi sabon shiga. Mai son sabon wasa kuwa, ga Sam's Journey na 2017.