Ladan Mai Zanen Kwamfuta a Ƙasar Katagum

Tun daga ƙarshen shekarar 2023, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT, wanda Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya ce zai horar da matasa miliyan uku kan sana'o'in kwamfuta, wata magana ta shiga majalisun Azare ta zauna daram, cewa duk yaron da ya iya zane a kwamfuta, wato mai dizain, ya yi sallama da talauci, domin wai yana ɗakinsa Turawa za su riƙa aiko masa da daloli. A gefe guda kuma akwai wata maganar da ta girmi wannan, wadda mai zanen yake ji kullum a bakin shagonsa idan ya faɗi kuɗin aiki: "Haba, ɗan danne-dannen da bai wuce minti biyar ba?" Zantukan nan biyu duk ba su bisa haƙiƙa, amma na biyun ya fi ɓarna, domin da shi ake danne haƙƙin mutane ba tare da mai dannewar ya san ya ɗauki alhaki ba.

Maganar mai zanen da ke aikin albashi gajeriya ce. A watan Yuli na 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a wata, daga naira 30,000 da aka tsayar a 2019. Sai dai dokar da kanta ta keɓe duk wata ma'aikata da mutanenta ba su kai 25 ba, ta kuma keɓe waɗanda ake biyansu gwargwadon aikin da suka yi ko bisa kamasho. To, shagunan ɗab'i da na buga takardu da ke Azare, balle na Gamawa da Giade da Yana da Itas, yaran da ke cikin kowannensu ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, saboda haka babu wata doka ta albashi da ta tsaya wa yaron da ke zaune gaban kwamfuta tun hantsi har bayan isha'i. Abin da ke tsakaninsa da maigidansa amana ce kawai da tsoron Allah.

Mai zaman kansa kuwa, wanda ke karɓar aiki ɗai-ɗai, lissafinsa a fili yake ga duk mai son yin adalci. A ce ana ba shi naira 500 a kan kowane zanen sanarwa, to sai ya yi guda 140 a wata kafin ya kamo wancan mafi ƙarancin albashin, alhali bai cire ko kwabo na ɗawainiya ba. Ɗawainiyar kuwa ba ƙarama ba ce, domin litar fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin a janye tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, dala kuma da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta wuce naira 1,500 a farkon 2024, ga shi kwamfutar da tawadar da ledar bana duk daga waje ake shigo da su. Sannan a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Wanda ya tuna duhun da Arewa ta shiga a Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan lantarki suka lalace aka yi fiye da mako babu wuta, ya san cewa duk katin bikin da aka fitar a kwanakin nan da janareta ko hasken rana aka yi shi.

Asalin cutar, a ganina, ita ce al'adar haɗa kuɗin zane da kuɗin bugu a dunƙule. Mutum ya zo yana son bana, sai a auna faɗi da tsawo a faɗa masa kuɗi bisa yawan ƙafa, zanen kuma ya tafi a matsayin gyara, tamkar ba aiki ba ne. Da aka daɗe a haka sai jama'a suka ɗauka cewa ledar ita ce haja, zanen kuwa kyauta ne. Amma mutumin nan da kansa, idan ya sayi shadda ya kai wa tela, bai taɓa cewa tun da ya biya kuɗin yadi to ɗinki ya zama kyauta ba, bai kuma taɓa neman ragi don telan ya yanka rigar cikin ɗan lokaci ba, domin ya san saurin almakashin nan shekaru aka yi ana ɓata yadi kafin a same shi, kuma ya san bambancin rigar da ta zauna a jiki da wadda ta rataya, ko da daga bandir ɗaya aka yanko su. Lada na gwaninta ne, ba na tsawon zama a kujera ba.

Bari in nuna kaɗan daga abin da ke cikin "minti biyar" ɗin. Za a turo wa mai zane hoton ɗan takara ko na ango ta WhatsApp, a ce a sa shi a bana mai tsawon ƙafa goma, alhali manhajar tana matse hoto ta rage ɗigoginsa don ya yi saurin tafiya, ta yadda abin da ya fito tas a fuskar waya, in an buɗa shi ya kai girman bango, sai fuska ta dagargaje ta koma ƙananan murabba'ai. Shi ne zai san haka tun kafin a yi asarar leda, ya nemi asalin hoton ko ya zauna ya gyara. Haka kuma launin waya da haske ake haɗa shi, daga ja da kore da shuɗi, na inji kuwa da tawada huɗu ake haɗawa, shi ya sa koren da ya yi ƙyalli a hannunka yakan fito a dushe a takarda idan ba a juya shi bisa ƙa'ida ba. Akwai kuma mas'alar da ta fi waɗannan nauyi a garin da ba a rabuwa da walimar saukar Alƙur'ani da sanarwar wa'azi: rubutun Larabci, in aka kwafo shi cikin wasu manhajojin zane, haruffansa kan rarrabe ko su juya ta hagu, sai ga aya ko addu'a an buga ta a birkice an liƙa a bango, kuma na tabbata masu karatu da yawa sun taɓa cin karo da irin wannan. Hausar kanta ba ta tsira ba, domin yawancin samfuran haruffa ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Wanda ya san duk wannan ya kiyaye shi, ilimi ya sayar maka.

Wani zai ce ai yanzu ga Canva, ga PixelLab a waya, ga ƙirƙirarriyar basira da ke haɗa hoto nan take. Gaskiya ne, kuma wanda buƙatarsa ba ta wuce sanarwar da za a watsa a waya ba, babu laifi ya yi abinsa da kansa. Amma wanda ya bar wayarsa ya tako har shago ya riga ya shaida cewa akwai abin da bai iya ba, kuma Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Batun daloli kuwa, akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa, sai dai an kambama shi. Dandalin Fiverr, wanda aka buɗe a 2010, da aikin dala 5 ya yi suna, kuma yana cire kashi 20 cikin ɗari na ladan mai aiki, wato dala 4 ke saura, kimanin naira 6,000 in dala tana naira 1,500. Kafin yaron Azare ya samu ko da wannan, sai ya yi gogayya da dubban gwanaye na Indiya da Pakistan da Bangladesh da Legas, da Turancin ciniki, da wuta da intanet da ba sa yankewa ranar alkawari. Akwai masu dacewa, ba a musu, amma kasuwar mafi yawansu tana nan gida: ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, da na Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau, da na Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a Azare a 2021, da makarantun Islamiyya, da 'yan kasuwa, da masu biki, da 'yan siyasa. Hukumomin horar da matasa da ke alfahari da yawan waɗanda suka yaye ya kamata su tambayi kansu ko sun koya wa yaran yadda ake yanke farashi da rubuta yarjejeniya, domin takardar shaida ba ta karɓo wa kowa bashi.

Abin da ya fi damuna shi ne, maganin wannan rikici yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu tun kafin a san injin ɗab'i. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, a babin ciniki, ta kawo hukuncin ijara da ju'ala, kuma sharaɗin ijara a mazhabar Malikiyya shi ne a ambaci lada a san iyakar aiki tun farko, don gudun jahala da garari. Saboda haka "yi kawai, ba za mu ɓata ba" da "za mu riƙa kawo maka aiki" ba lafazin ƙulla ijara ba ne, ƙofar husuma ce. Haka nan wanda aka yi wa zane ya dawo sau bakwai yana cewa a canza launi, a ƙara sunan wane, a ɗan matsar da hoto, ya shigar da aiki cikin aiki ba da lada ba. Dokar ƙasa ma ta zo daidai da wannan, domin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta bar haƙƙin aikin fasaha a hannun wanda ya ƙirƙire shi sai in an yi yarjejeniyar saɓanin haka. Wanda ya karɓi samfur "don ya nuna a gida," ya goge sunan mai shi, ya kai wani shagon aka buga, ya ci haƙƙi ta fuska biyu.

Su ma masu sana'ar suna da nasu laifin, kuma ba zan ɓoye shi ba. Wanda ke karya farashi don ya ƙwace wa maƙwabcinsa aiki yana rushe kasuwar da shi ma zai kwana a ciki, wanda kuma ya karɓi kuɗi ya kwafo zanen wani ya canza suna, ko ya saɓa alkawari har ranar ɗaurin aure ta zo kati bai fito ba, shi ne yake ba masu raina sana'ar hujja. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Zaɓen 2027 na tafe, lokacin da fosta da bana za su rufe bangayen Azare, kuma lokacin ne aka fi cin bashin masu zane da sunan "sai an ci zaɓe." Ina kira ga masu wannan sana'a a ƙasar Katagum da su zauna tun yanzu su tsayar da mafi ƙarancin farashi a tsakaninsu, su rubuta kuɗin zane daban da na bugu a kowane rasiɗi, su faɗi adadin gyaran da ke cikin kuɗin, kuma kada su buɗe kwamfuta sai an ba da kafin alƙalami. Kai kuma mai kawo aiki, tambayi kuɗin zanen kafin a fara, ka biya ciko ranar da ka karɓa.