FASHIN BAƘI: Awa ɗayan da doka ta ba ma'aikaci da tsakar rana, wa ke cinye ta?

Tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu na rana, abubuwa huɗu ne ke kokawa a kan lokacin ma'aikaci a yawancin biranen Arewa: sallar Azahar, yunwar ciki, ɗauko yara daga makaranta, da ƙaramar sana'ar da ake cike giɓin albashi da ita. Wani zai yi alwala ya bi jam'i, ya tsaya wurin mai garau-garau ko ɗanwake ya ci a tsaitsaye. Wata za ta buɗe kular da ta ɗauko daga gida, tana ci tana amsa saƙon masu sayen atamfa da turaren wuta a WhatsApp. Wani kuma zai hau babur ya nufi makarantar 'ya'yansa, ya sauke su a gida, ya dawo bakinsa a bushe. Akwai kuma rukunin da ba a cika gani ba, domin ba sa fitowa sam: mai karɓar kuɗi a banki da layi ya tsaya a gabansa, ma'aikaciyar jinya da ke riƙe da ɗakin marasa lafiya ita kaɗai, mai gadin da ya karɓi aiki tun da sassafe kuma ba shi da mai canjinsa sai dare.

Mutane da dama na ɗaukar wannan ɗan sarari a matsayin alfarmar da shugaba ke yi wa na ƙasa da shi. A dokar Najeriya kuwa, haƙƙi ne.

Sashe na 13 na Dokar Ƙwadago, wadda asalinta ya faro tun zamanin mulkin soja na Janar Yakubu Gowon a farkon shekarun 1970, ya tanadi cewa duk ma'aikacin da zai yi awa shida ko fiye a bakin aiki, wajibi ne a katse masa aikin da hutu, sau ɗaya ko a rarrabe, wanda jimillarsa ba za ta gaza awa ɗaya ba. Dokar ta ma fayyace abin da take nufi da hutu: lokaci ne da aka ƙayyade tsawonsa tun kafin a fara aiki, wanda ma'aikaci ke da ikon yin abin da ya ga dama da shi, kuma ba dole ne ya zauna a wurin aiki ba. Wannan fayyacewa tana da nauyi. Wanda aka ce ya ci abincinsa a kan tebur, amma ya bar kunne ɗaya a buɗe ko za a kira shi, bai samu hutun da dokar ta siffanta ba. Sai dai ta bar ƙofa: idan wani abu ya taso ba zato, ko yanayin aikin bai ba da dama ba, ana iya musanya hutun da lokacin cin abinci a wurin aikin ko kusa da shi. Ta wannan ƙofa ce masu kamfanoni da yawa ke wucewa da kayansu.

Sashe na 54 ya ƙara wa mace mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana, a cikin lokacin aiki, domin ta shayar da jaririnta. Dokar Masana'antu kuma ta wajabta samar da ruwan sha da wurin wanke hannu, ta hana cin abinci a ɗakunan da ake aiki da sinadarai masu guba.

A rubuce, Najeriya ta fi wasu manyan ƙasashe karamci. A Birtaniya, minti 20 ne kacal doka ta tanada ga wanda ya yi aiki fiye da awa shida. A Amurka, dokar tarayya ba ta tilasta ba da hutun cin abinci ba, ta bar wa kowace jiha ta yi nata tsarin. Faransa ce ta bi wata hanya daban, inda doka ta haramta barin ma'aikata su ci abinci a ɗakin da suke aiki, har sai da annobar korona ta sa aka sassauta haramcin na ɗan lokaci a 2021.

Matsalar tana cikin kalmar "ma'aikaci" ita kanta. Sashe na 91 na Dokar Ƙwadago ya taƙaita ta ga masu aikin ƙarfi da masu aikin akawu, ya fitar da masu riƙe da muƙaman gudanarwa, zartarwa, fasaha ko ƙwarewa. Likita, injiniya, lauya da manaja sun dogara ne ga abin da takardar ɗaukarsu aiki ta ce, ko yarjejeniyar ƙungiyarsu, ko ƙa'idojin aikin gwamnati. A ƙasan tsanin kuma, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna ɓangaren da ba shi da rajista ko tsari. Yaron shago a Kantin Kwari, leburan da ke ɗaukar kwanon kankare zuwa bene, yaron kanikanci a gareji, duk ba su da takardar da za su nuna. Hutunsu yana bakin maigida. Idan mai tsoron Allah ne, a rufe shago a yi salla, a zauna a ci kwano ɗaya tare, wanda sau da yawa shi ke biya. Idan ba haka ba ne, sai ciniki ya lafa.

Ba turawa ne suka kawo wa ƙasar Hausa tunanin raba yini tsakanin mai aiki da wanda ake yi wa aiki ba. A tsarin gandu, 'ya'ya da ƙanne kan yi noman gonar maigida daga safe zuwa wajen Azahar, a kawo musu abinci ko fura har gona, kuma ciyar da su nauyi ne a wuyansa. Bayan nan mutum ya mallaki sauran yininsa, ya nufi gayaunarsa ko wata sana'arsa. Azahar ita ce iyaka. Ga kuma ƙailula, ɗan barcin tsakar rana da malamai ke kwaɗaitarwa a kai, wanda ya dace da ƙasar da rana ke ƙuna a watannin bazara. Aikin ofis na ƙarfe takwas zuwa huɗu ya zo ya zauna a kan wannan tsohon agogo, amma bai kashe shi ba. Shi ya sa har yau a ma'aikatun gwamnati da yawa, wanda ke neman a sa hannu a takardarsa ya san gara ya sammako. Bayan salla sai a ce masa oga ya ɗan fita. Ranar Juma'a kuwa ba a ma magana.

Ana yawan fassara wannan da lalaci, kuma akwai lalacin, musamman a sama, inda mota da direba ke jira. Amma ga ƙaramin ma'aikaci lissafi ne ya kore shi daga kujerarsa. A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, wanda ya maye gurbin Naira 30,000 na 2019. Wannan ya zo ne bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da faɗuwar darajar Naira, da hauhawar farashin abinci da ya haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. A raba Naira 70,000 ga ranakun aiki 22, kowace rana ta tashi a kan ƙasa da Naira 3,200. Idan aka ƙaddara kwanon shinkafa da wake a kan Naira 1,000, abincin rana kaɗai zai lashe Naira 22,000 a wata, kusan kashi ɗaya bisa uku na albashin, tun kafin a taɓa kuɗin mota, cefane, haya da kuɗin makaranta. Dokar mafi ƙarancin albashin ma ba ta hau kan wuraren da ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba.

Saboda haka hutun yana nan, amma abincin ya fice daga cikinsa. Tsarin da ɗaliban jami'a suka daɗe suna kira 0-1-0, wato cin abinci sau ɗaya a yini, ya bi wasunsu har ofis. Wasu sun koma awara, gurasa, gyaɗa da rake. Wasu na da shafi a littafin bashin mai abinci, a ci a rubuta, a biya idan albashi ya shigo. Ita kuma mai abincin, wadda galibi ita ke riƙe da gidanta da wannan tukunya, ta zama bankin da ke ba ma'aikatan gwamnati rance ba ruwa. Duk watan da albashi ya makara, jarinta ne ke fara karyewa. Ba a sa ta cikin kowace tattaunawa tsakanin gwamnati da ƙungiyoyin ƙwadago.

Martanin gwamnatocin jihohi ya fi karkata ga rage kwanaki. Kaduna ta koma aikin kwana huɗu a ofis tun Disambar 2021, a zamanin Nasir El-Rufai, tare da tsawaita yinin zuwa ƙarfe biyar. Kwara da Edo sun sanar da kwana uku a mako bayan cire tallafin mai a 2023. Hakan ya rage kuɗin mota, amma bai ce komai ba game da abin da ke faruwa da tsakar ranar da aka zo aikin, kuma bai shafi kowa a kamfanoni masu zaman kansu ba.

A can ne kuwa abin ya fi tsanani. A masana'antun Sharaɗa, Bompai da Challawa, da takwarorinsu na Legas da Ogun, yawancin hannayen da ke juya injuna na wucin gadi ne, waɗanda ake ɗauka ta hannun 'yan kwangila, a biya su a kullum ko a mako. Wanda ya san akwai mutum goma a bakin ƙofa suna jiran gurbinsa ba zai tsaya musu a kan minti talatin ba. Yadda rashin sa ido ke iya kaiwa maƙura ya bayyana a watan Yunin 2020, lokacin da 'yan sanda suka kuɓutar da sama da mutum ɗari daga wani kamfanin sarrafa shinkafa a Kano, inda ma'aikatan suka ce an kulle su kusan wata uku a lokacin kullen korona, ana sa su aiki ba ƙaƙƙautawa da abinci ƙalilan.

Wanda ke son sanin ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ya sani cewa Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sa sha'anin ƙwadago cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Gwamna na iya tsara lokutan ma'aikatan jiharsa, kamar yadda wasu ke rage awoyi a watan azumi, amma ba zai iya gyara Dokar Ƙwadago ba. Sufetocin da ya kamata su riƙa leƙa masana'antu suna ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ke da hurumin sauraron irin waɗannan ƙararraki, har da ikon duba ko an yi wa ma'aikaci rashin adalci bisa ma'aunin da duniya ta yarda da shi, abin da ya buɗe hanya ga waɗanda Sashe na 91 ya bari a waje. Amma zuwa kotu na buƙatar lauya da haƙuri, ga kuma tabbacin cewa aikin ya tafi.

An shafe shekaru ana maganar sabunta dokar, majalisa na zuwa tana wucewa. Kafin a yi hakan, hukuncin da ke rubuce shi ne na da: mai kamfanin da kotu ta samu da laifin hana ma'aikaci hutunsa, a karon farko, tararsa ba za ta wuce Naira 800 ba.