Ranar da na zaga da baƙo daga Indiya cikin Birni

A shekarar 2011 wani kamfanin sadarwa ya turo mana matashin injiniyan manhajar kwamfuta daga Haidarabad, fitarsa ta farko ke nan daga Indiya. Ranar Lahadi aka ɗora mini nauyin zagawa da shi cikin Birni.

A Kasuwar Kurmi 'yan kasuwa suka yi ta kiransa da sunayen jaruman finafinan ƙasarsu, yana dariya. A marinar Ƙofar Mata kuwa ya daɗe tsugune, ya ce rini da baba tsohuwar sana'a ce a ƙasarsu. Sai dai ramuka da yawa a bushe suke.

A kan Dala kunya ta kama ni. Ya nemi in nuna masa ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa kimanin shekara 900 da suka wuce. Na yi ta nuni da yatsa: nan shaguna, can gidaje, can kuma inda aka ɗebe ƙasar badala aka yi gini. Ya ce a garinsu sai an biya kuɗi ake shiga ganuwar Golkonda, sannan ya tambaye ni wa ke kula da tamu. Na ce masa rana ta yi zafi, mu sauka.