Tarar Dala 5 Da Ta Zama Babbar Shari'a A Amurka

A shekara ta 1902 cutar agana ta yi tsanani a jahar Masacuset ta ƙasar Amurka. Hukumar lafiya ta garin Kambirij ta ba da umurni a yi wa kowa shasshawar rigakafi, kuma doka ta ce duk babban da ya ƙi za a ci shi tarar dala 5 ta kuɗin Amurka. Wani limamin kirista mai suna Henning Jacobson, haifaffen ƙasar Suwidin, ya ƙi. Ya ce an yi masa shasshawa yana yaro, ya sha wuya ƙwarai, don haka ba ya sake miƙa hannunsa. Aka ci shi tara, shi kuwa ya ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli.

Ranar 20 ga Fabrairu 1905 kotun ta yanke hukunci: alƙalai 7 suka ba hukuma gaskiya, 2 suka saɓa. Dalilinsu shi ne ƴancin mutum ɗaya yana da iyaka idan rayukan jama'a suna cikin haɗari. Amma sun ja kunnen hukuma kada ta mai da wannan iko abin zalunci.

Tun daga nan masu ra'ayin taƙaita ikon gwamnati, waɗanda ake kira ƴan Libatariya, suke nuna shari'ar da yatsa. A ganinsu jikin mutum mallakarsa ne, kuma ikon da aka ba hukuma ranar annoba ba ya komawa kube idan annoba ta wuce.

Babbar hujjarsu ita ce abin da ya faru shekara 22 bayan haka. A 1927 shari'ar wata matashiya mai suna Carrie Buck ta iso gaban wannan kotu. Jahar Birjiniya ta ce tana da raunin hankali, tana son a yi mata aikin fiɗa da zai hana ta haihuwa har abada. Alƙalai 8 suka yarda, 1 ya ƙi. Alƙali Oliver Wendell Holmes, wanda ya rubuta hukuncin, ya dogara da shari'ar Jacobson: tun da hukuma tana da ikon tilasta shasshawa, tana da ikon wannan aiki ma. Daga baya masana tarihi sun nuna cewa hankalin Carrie Buck lafiya lau yake. Fiye da mutum 60.000 aka yi wa irin wannan aiki a Amurka, sai a 2002 gwamnan Birjiniya ya nemi gafara.

Masu goyon bayan hukuma su ma ba su rasa amsa ba. Sun ce cuta mai yaɗuwa ba ta tsayawa ga wanda ya ƙi magani, tana tsallakawa gidan maƙwabci. Agana takan kashe kamar mutum 3 cikin 10 da ta kama, kuma rigakafi ne ya kawar da ita, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ƙarewarta a 1980.

Annobar korona ta sake tayar da gardamar. A Nuwamba 2020 Kotun Ƙoli ta dakatar da dokar jahar Niyok wadda ta taƙaita masu shiga wuraren ibada zuwa mutum 10 ko 25 a wasu unguwanni. Ranar 13 ga Janairu 2022 ta tsai da dokar gwamnatin tarayya wadda ta tilasta wa ma'aikatan manyan kamfanoni allura ko gwaji kowane mako. Amma a wannan rana ta amince a tilasta allurar ga ma'aikatan asibitocin da ke karɓar kuɗin gwamnati.

Darasin wannan tarihi a fili yake. Hukuma tana da hakkin kare jama'a daga annoba, amma kowace dokar tilas tana bukatar dalili bayyananne, da wa'adin ƙarewa, da alƙalin da talaka zai iya kai kukansa gabansa. Wuƙar da aka wasa don tarar dala 5, ita ce ta yanki Carrie Buck.