Janar Eisenhower: Daga Aikin Soja Zuwa Shugabancin Amurka

An haifi Dwight David Eisenhower a Jihar Texas cikin shekarar 1890, amma a garin Abilene na Jihar Kansas ya girma. Ya fito daga makarantar hafsoshi ta West Point a 1915. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare yana gida yana horar da 'yan tankar yaƙi, sa'an nan ya yi wajen shekara 16 yana manjo, yawanci a ofis, yana tsara wa manyansa takardu.

Wannan zaman ofis, wanda wasu ke gani kamar koma baya ne, shi ya koya masa abin da ya ɗaukaka shi. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a Disamba 1941, Janar Marshall ya kira shi Washington. Shi ya shugabanci saukar dakarun ƙawance a Arewacin Afirka a Nuwamba 1942, kuma shi ya ba da umurnin ƙetarawa zuwa Normandy ta Faransa ran 6 ga Yuni 1944. Amma fa babban aikinsa shi ne riƙe zumuncin abokan yaƙi kada ya tsinke. Ga Churchill mai son sa baki cikin kome, ga Montgomery da Patton, kowa na ganin ya fi ɗan'uwansa, ga de Gaulle da ba ya son a raina Faransa. Wanda ya iya zama da waɗannan lafiya, lalle ya san siyasa tun bai nemi ƙuri'ar kowa ba.

Jam'iyyu biyu na Amurka duk sun yi zawarcinsa. A 1952 ya ajiye aikin soja, watau ya koma farar hula tukuna, ya tsaya wa jam'iyyar Republican, ya ka da Adlai Stevenson. Ya sāke ka da shi a 1956.

Masu zaton soja zai zo da son yaƙi ba su ga haka ba. A Yuli 1953 aka tsagaita wuta a Koriya. A 1956, da Ingila da Faransa da Isra'ila suka auka wa Masar saboda mashigin Suez, ya matsa musu har suka janye, ko da yake biyu daga cikinsu abokan yaƙinsa ne na jiya. A gida kuwa an zarge shi da sanyin jiki game da haƙƙin baƙar fata, kuma zargin yana da tushe. Duk da haka a 1957 ya tura soja garin Little Rock suka raka 'yan makaranta tara baƙaƙe cikin makarantar da Gwamnan Arkansas ya hana su shiga.

Cikin jawabinsa na ban kwana, ran 17 ga Janairu 1961, ya gargaɗi jama'a kada su bar manyan soja da masu ƙera makamai su haɗa kai su rinjayi gwamnati. Ya rasu a 1969, aka binne shi a Abilene.